Shekarar da Na Cire Muryar Mahaifinku daga Wasan

Ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, ina sa wa fartanya sabuwar ƙota, sai na hango Isuhu ya kashe babur ɗinsa can nesa da inda ya saba ajiye shi. Ya ƙaraso a ƙafa, ya cire takalmi, ya durƙusa. Isuhu ɗan Kudan ne, abokin aikin mahaifinku, shi ke haɗa musu wasan a kwamfuta. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafar kakarku, har raken da na dasa a fadama sai da ya tambaya. Duk wannan idonsa na ƙasa.

"Baba, dama Yaya ne ya ɗan gamu da tsautsayi a hanyar Paki."

"Yana ina?"

"Yana asibiti. Amma da sauƙi."

"Isuhu, dube ni."

Bai dube ni ba, a nan kuwa na sani. Na jingine fartanyar a bango, na yi salati, na shiga gida na gaya wa kakarku. Mahaifinku ya je Paki ne ɗauko kiɗan wani tsohon makaɗin gayya a na'urarsa, a hanyar dawowa mota ta buge shi. Na'urar tana cikin jakarsa, ko kwarzane ba ta yi ba. Shi kuwa tun kafin Isuhu ya hau babur ya nufo Ikara an riga an rufe masa fuska. Ban ga laifin yaron ba. Haka aka koya mana duka, ba a kai wa babba mugun labari tsirara, sai an lulluɓe shi. Ku riƙe wannan, don zai dawo a gaba.

Amina, Nura, na san abin da kuka taso kuna ji, wai kakanku ne ya cire muryar mahaifinku daga wasan da ya rasu yana yi. Gaskiya ne, ni na cire. Ba wanda ya tilasta ni, kuma da za a maido ni waccan shekarar, haka zan sake yi. Abin da ba a gaya muku ba shi ne yadda aka kai ga haka, shi nake so in rubuta tun hannuna yana iya riƙe biro. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. Zan riƙa cewa mahaifinku.

Wasan na waya ne, irin wanda yara ke ce wa gem. Tun yana ƙarami yake damuna da tambayar yadda muka yi noma a shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki, lokacin ina saurayi, mahaifina kuma shi ne mai kiran gayya a ƙauyenmu. Ashe duk abin da na ba shi labari ajiyewa yake yi. Da ya gama karatu sai ya kama wani ɗaki a Makarfi, bayan shagunan 'yan hatsi, ya sa sola a rufi, ya tara mutum uku, dukansu Yaya suke ce masa. Akwai Isuhu, akwai Danladi mai haɗa sauti, sai Binta mai zane, jikar yayana marigayi, wadda tun tana rarrafe take jan gemuna. Ya tsara wasan kashi huɗu: shuka, noma, kaka, sai na ƙarshe, inda mai wasa zai ɗora hatsinsa a kan jakuna ya bi ayarin fatake zuwa kasuwar birni. A kashi ukun farko ba mai magana, kiɗa ne kawai da rubutu. A na huɗun ne akwai madugu mai magana, mahaifinku kuma shi ya yi muryar madugun da kansa. Bai iya zane kamar Binta ba, bai kai Isuhu sanin kwamfuta ba. Aikinsa shi ne ya san inda kowa ya tsaya, ya ce wane yi kaza, wannan a bari sai gaba, wancan a yar da shi.

Bayan sadakar arba'in su ukun suka zo mini Ikara. Isuhu ya ajiye makulli a gefen tabarmata.

"Baba, ga makullin ɗakin. Mun ce mu kawo a san yadda za a yi da kayan."

"Wasan ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba."

"To me ya sa kuka kawo mini makulli?"

Danladi ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Ai mai gonar ba ya nan, Baba."

Na ce musu a zamanin da suke zanawa a wasan nan, idan mutum ya rasu ya bar shuka a gona, tun matarsa ba ta fita takaba ba mahaifina zai sa a buga ganga, a fito a nome gonar, a girbe, a kai masa hatsin rumbu. Ba a taɓa cewa mai gona ba ya nan ba. Ni ban san kwamfuta ba, karatuna bai wuce elementare ba, amma na yi shekaru ina shugaban leburori a aikin hanya, na san yadda ake riƙe mutane har aiki ya kai ƙarshe. Na tura wa Isuhu makullin, na ce duk ranar kasuwar Makarfi zan zo in ga inda aka kwana.

Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwa sai in hau mota in tafi. Ina shiga su miƙe, a shimfiɗa mini darduma, a aiko a sayo mini lemo mai sanyi. Kujerar mahaifinku tana gefen taga, ba mai zama a kanta, ni ma ban taɓa zama ba. A yi gaisuwa mai tsawo, sannan in tambaya.

"To, ina aka kwana?"

"Alhamdu lillahi, Baba, muna kai."

"Akwai matsala?"

"Babu, Baba. Saura kaɗan."

Sai in leƙa allon kwamfutar Isuhu, in ga rubutu layi-layi kamar tururuwa, in gyaɗa kai, in sa musu albarka, in dawo gida in gaya wa kakarku aiki na tafiya. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, dawa ta kai ƙugu, ni kuwa kullum saura kaɗan ake ce mini, ina kuma karɓa.

Binta ce ta tashe ni. An yi suna a gidan wani ɗan'uwanmu a Ikara, ta zo, da ta gama da mata sai ta biyo ta same ni a zaure ni kaɗai. Kun san tsakanin kaka da jika akwai wasa, ni da ita kuwa namu ya fi na kowa zafi.

"Angona, an ce ba ka fashin kasuwar Makarfi. Ko wata ka gano a can?"

"Ke da kika ƙi ni, ina ruwanki?"

"Ni na ƙi ka? Kai ne dai ba ka da haƙoran cin naman gidana." Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗauki goron da ke gabana ba tare da ta tambaya ba. "Amma tsoho, ashe haka kake da sauƙin ruɗi? A ba ka lemo, a ce maka muna kai, ka hau mota ka dawo kana washe baki?"

"Me kike nufi?"

Dariyar ta bar fuskarta, amma ba ta sake sunan da take kirana ba.

"Angona, ba ma kai. Tun da Yaya ya rasu ba mu matsa ba."

Ta warware mini komai. Ashe tun bayan arba'in su ukun suka tattara a kan kashi na huɗu, na fatake, saboda shi mahaifinku ya fi so, kuma a nan muryarsa take. Ba wanda zuciyarsa ta ba shi ya ce a bar shi a koma baya. Kashi na kaka kuwa a lalace yake: in mai wasa ya girbe, hatsin ba ya shiga rumbu, sai wayar ta tsaya cik. Sannan Isuhu ya samu aiki a Legas, da an gama kakar bana zai tafi. Ya daɗe da sani, kullum sai ya shirya zai faɗa mini, in na shigo ya kasa. Idan kuwa ya tafi, ba mai iya taɓa abin da ya haɗa.

"Me ya hana ku gaya mini?"

"Wa zai dubi furfurarka, da abin da ya same ka, ya ce maka aikin ɗanka ba zai yiwu ba? Ni kaina a ɗakin can ba zan iya ba. Shi ya sa na biyo ka nan, inda nake da ikon tsokanarka."

Bayan ta tafi na daɗe a zaune. Na tuna Isuhu a durƙushe yana ce mini da sauƙi. Wato abin da suke yi mini ke nan duk ranar kasuwa, nauyina suke ji, suna lulluɓe mini labari. Na kuma tuna mahaifina a ranar gayya. Ban taɓa jin ya tambayi wani ina ka kai ba. Tsayawa yake a bakin gona, kowa da layin da aka ba shi, ido kawai zai kai ya ga wanda ya yi nisa da wanda ciyawa ta riƙe. Ni kuwa ga ni ina tambaya da baki, a wurin yaran da tarbiyyarsu ba za ta bar su su ba ni amsa ba.

Da ranar kasuwa ta zagayo, na ce kada a sayo lemo. Na ce a ba ni wayar, da hannuna zan buga. Suka dubi juna. Binta ta sa mini, ta nuna mini inda zan danna. Babban yatsana ya yi wa abin kauri, in nufi fartanya in taɓo akuya, har Danladi ya juya baya yana dariya a ɓoye. A hankali dai na yi shuka. Na shiga noma, sai ga kiɗan gayya ya tashi, kiɗan tsohon nan na Paki, wanda mahaifinku ya je ɗaukowa. Na nome gonata da mutanena. Na zo kaka, na girbe dawa, na ɗaura dami, na nufi rumbu, sai komai ya tsaya. Na danna, na sake dannawa, shiru.

"Ƙaramar matsala ce, Baba," in ji Isuhu.

Binta ta yi gyaran murya.

"Babba ce," ya ce, yana duban ƙasa.

Na ce a kai ni kashi na huɗu. Ba wanda ya motsa, sai da na maimaita. Jakuna suka fito a allon wayar, da mangaloli, da mutane masu sanduna. Sai na ji shi.

"Ku ɗaure kaya, jama'a, rana na yi!"

Na ajiye wayar a cinyata, na dubi ƙofa, har sai da na ji zan iya ɗauka. Ayari ya tashi. Wani jaki yana tafiya da baya, wani ya ratsa ta cikin bango kamar aljani. Madugu yana ta magana, yana tsokanar mai jakin da ya fi rama, irin tsokanar da yake yi wa ƙannensa a gida. Muka iso bakin wani rafi.

"Ku tsaya nan," in ji shi, "bari in duba zurfin ruwan."

Daga nan babu sauran magana. Iyakar muryar da ya ɗauka ke nan kafin ya tafi Paki. A tsarinsa, bayan rafin akwai daji, akwai zango, akwai kasuwar birni da cinikinta, duka ko zanawa ba a fara ba.

"Isuhu," na ce, "ban tambaye ka ko za ka yi ƙoƙari ba, na san za ka yi. Kafin ka tafi Legas, kaka da fatake, duka biyun za su yiwu?"

Ya ɗago da sauri ya dubi Binta. Ta ce, "Ni na faɗa, sai ka kai ni ƙara."

Isuhu ya ce, "Ɗaya zai yiwu, Baba. In na fatake ne ma, ba zai yiwu ba."

Danladi ya ce akwai wani saurayi a Gazara da muryarsa ta yi kama da ta Yaya, ko kuma a sa kwamfuta ta kwaikwayi muryar ta ƙarasa sauran. Na ce ba za a sa wa mamaci magana a baki ba. Binta ta ce to a ɗauki ko da jimlar farko ce a liƙa a ƙarshen kaka, don a ji shi. Wannan ta fi ba ni wuya. Amma na ce mata mutumin da bai taɓa yi wa yaro alkawarin banza ba, ba zan sa shi ya ce wa 'ya'yan mutane su ɗaure kaya alhali babu tafiya ba. Na ce wasan zai tsaya a rumbu. Amma kafin a taɓa komai, akwai wadda zan fara gaya wa.

Mahaifiyarku tana gidana a lokacin, ta fita takaba ba da daɗewa ba. Na sa kakarku ta yi mini iso, na tsaya a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu. Na gaya mata duka, ban lulluɓe komai ba. Ina jin Nura yana wasa da murfin kwano a ciki.

"Duk yadda Baba ya gani, shi ne daidai," ta ce.

Da a watannin baya ne, da na juya ina cewa ta yarda. Amma yanzu na san irin wannan amsar. Kakarku ta gaya mini daga baya cewa mahaifiyarku ta yi muku alkawari, ran da wasan ya fito za ku ji Abbanku yana magana a ciki, ke Amina har kina tambayarta kullum ko ya fito. Ina da damar in janye. Na auna abin ta kowace fuska, inda nake ƙarewa ɗaya ne: in muka nace, Isuhu zai tafi, a bar kashi huɗu duka a karye a cikin ɗaki a kulle, ba murya, ba wasa, ba abin da zai nuna mahaifinku ya yi shekarun nan yana aiki. Na zaɓi a kai hatsinsa rumbu.

Daga nan na sake yadda muke aiki. Na daina tambaya da baki. Duk ranar kasuwa wayar ake miƙo mini, in buga daga shuka har inda ta tsaya, inda ta tsaya kuwa nan ne aikin makon. Na ɗora wa Binta ta riƙa fara magana, kuma da mugun labari za ta fara. Ta karɓi aikin hannu biyu. Ina shiga za ta ce, "Tsoho, zauna da kyau, yau akwai abin da zai zubar maka da sauran haƙoran," Isuhu kuwa kamar ya nutse a ƙasa. Na kuma hana a ƙara sabon abu ko ɗaya. Danladi ya zo da shawarar a sa tsuntsaye su riƙa cin gero mai wasa yana kora, shawara mai kyau, har ni ta burge ni, na ce a'a. Ya yi fushi na 'yan kwanaki, ya huce. A gayya, wanda ya riga gama layinsa ba ya zama a inuwa, zagayawa yake ya kama layin wanda aka bari a baya daga ɗaya bakin, su nomo har su haɗu a tsakiya. Haka na sa su yi. Da Binta ta gama zanen rumbuna sai ta koma gwada wa Isuhu duk abin da ya gyara. Danladi kuma ya riƙa kai wayar wurin 'yan hatsi da masu jiran mota, su buga, ya dawo ya faɗi inda ta maƙale musu.

Ranar da na san za mu kai ita ce ranar da na shiga, Binta ta buɗe baki, Isuhu ya riga ta.

"Baba, na ɓata wani abu. Na gyara rumbu, sai shuka ta lalace. Wannan makon baya muka koma."

Ya faɗa yana kallona. Wallahi duk saura kaɗan ɗin da aka yi mini a baya ba wanda ya faranta mini rai kamar wannan. Na ce a sayo lemo, ni zan saya.

Ana tsakiyar yankan dawa a gonakin gaske na buga wasan daga farko, na ɗauki dami na nufi rumbu, ya shiga. Na ɗauki wani, ya shiga. Rumbu ya cika, aka rufe shi, kiɗan tsohon Paki ya tashi, sai sunan mahaifinku ya fito a rubuce. Na karanta da ido. Aka saki wasan kafin Isuhu ya tafi. Na ga yara suna buga shi a tashar Makarfi, na ga wani dattijo ɗan Gazara ya karɓi wayar jikansa ya kara a kunne, ya ce rabonsa da wannan kiɗan tun yana da ƙarfin riƙe garma.

Mun yi 'yar walima da addu'a a ɗakin aikin. Mahaifiyarku ta aiko da abinci, ba ta zo ba. Bayan an gama kaka ta nemi izini ta koma gidan iyayenta a Kudan tare da ku, na ba ta. Ba ta taɓa gaya mini magana mara daɗi ba, ba sallar da ta wuce ba ta aiko ku kun gaishe ni ba. Amma ba ta taɓa ambaton wasan a gabana ba, Binta kuma ta ce ba ta taɓa sa shi a wayarta ba. Ban ga laifinta ba, ita ce ta tsaya a gabanku da alkawarin da ni na karya. Na so ku girma a tsakar gidana, in riƙa jin hayaniyarku da safe. Sai ga shi daga salla sai salla nake ganinku, kuna gaishe ni a durƙushe kamar baƙi. Ke Amina ba ki taɓa jan gemuna ba.

Kashi na huɗu ban sa an goge ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Yana wurin Binta, ta adana shi yadda yake, na kuma gaya mata duk ranar da ɗayanku ya nema ta ba shi. Za ku ji shi ya ce a ɗaure kaya, za ku ji tsokanarsa, za ku bi shi har inda ya ce a tsaya ya duba ruwa. Jakunan suna nan a bakin rafin da kayansu a ɗaure, har yau ba a haye da su ba.